Yadda ake ɗaukar hoton tsuntsayen bakin ruwa, da yadda za ka zauna ka duba inda hoton ya gaza

Hoton zalɓe na farko da na ɗauka a fadamar Nguru a tsaye na ɗauke shi, ina kan gaɓa shi yana ƙasa cikin ruwa, na dawo gida ina murna, da na buɗe a kwamfuta sai na ga tsuntsu dai ga shi nan amma kamar an manna shi a jikin taɓo, bayansa laka gabansa laka, ba sama ba nisa, babu abin da zai sa mutum ya tsaya ya kalla. Washegari dattijon da yake tuƙa ni a kwalekwale ya ga na sake miƙewa zan ɗauka sai ya ce "Malam, zauna mana, ai tsuntsun ruwa ba ya son mutum a tsaye." Shi don kar na kori tsuntsun ya faɗa, amma wallahi maganar nan ita ce rabin aikin gaba ɗaya, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa a kanta yake tafiya.

Toh bari mu ɗauko daga farko.

Abu na farko shi ne lokaci da wuri. Fadamar Haɗeja zuwa Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe su nufi tafkin Chadi, ban san wani wuri a arewa da ya fi ta tara tsuntsayen ruwa ba. Tafkin Nguru da mashigar Marma tun shekarar 2000 aka saka su cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, Dagona ta wajen Gashuwa da Baturiya ta Jigawa suka biyo baya a 2008. Lokacin da ya fi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ruwan damina ya fara janyewa ya bar laka da ƙananan kududdufai cike da kifi da tsutsa, ga kuma baƙin tsuntsaye da suka tsallako Sahara daga Turai sun sauka. Kar ka je neman shamuwa a wannan lokacin fa, ita da damina take zuwa, kafin hunturu ta yi kudu. Abin da za ka samu su ne balbela, zalɓe, dinya, kirinjijiya garke-garke, zakaran ƙeƙuwa, da ɗan tsuntsun nan mai ruwan ƙasa da farin wuya mai dogayen yatsu da yake takawa a kan ganyen bado kamar a kan tabarma. Gauraka kuwa ta yi ƙaranci sosai yanzu, in Allah ya haɗa ka da ita ka ɗauka daga inda kake, kar ka matsa. In Nguru ta yi maka nisa ba komai, duk wani dam ko kududdufin bayan gari da balbela take sauka ya isa ka koyi aikin, ni ma yawancin gwajina a irin nan nake yi.

Kafin ka fito da kyamara ka gaisa da mutanen wurin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka je wajen mai unguwa ko bulama ka faɗi abin da ya kawo ka, in Dagona ce tana ƙarƙashin hukumar gandun dajin Tafkin Chadi sai ka bi ta wajen ma'aikatansu su ba ka izini da ɗan rakiya. Dogon lensi daga nesa kama da bindiga yake yi, mutum ya hango baƙo kwance cikin ciyawa da baƙin abu a hannu dole hankalinsa ya tashi. Sannan masunta sun fi ka sanin inda tsuntsu yake kwana da inda yake kiwo da safe, tambaya ɗaya za ta rage maka yawon kwana biyu. Ka biya mai kwalekwale haƙƙinsa da kyau, kar ka taka gonar shinkafar mutane, kar ka taɓa raga ko gora da ka gani a ruwa.

Kaya: kyamara mai lensi da ya kai 300mm aƙalla, irin 70-300 ɗin nan da ake samu na hannu ya wadatar, in kana da 400 ko sama da haka toh madalla. Batir biyu, memori wanda ba ya jan ƙafa, tsumma mai laushi, leda babba ta rufe kyamara. Tufafi masu ruwan ƙasa ko toka, farar riga ka bar ta gida. Dogon takalmin roba dole ne, dan Allah kar ka shiga ruwan fadama da ƙafa tsirara, ruwan da ba ya gudu akwai ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya, ta fata take shiga, ga matsattsaku. Sai abu ɗaya da nake ganin ya fi ƙafar kyamara mai uku amfani a wannan aikin: ka samu ƙaramin buhu ko tsohuwar safa babba ka cika da gero ko shinkafa kamar rabin kwano ka ɗaure, shi za ka ajiye a ƙasa ko a bakin kwalekwale ka ɗora lensi a kai. Ba ya rawa, ba ya ƙara, kuma yana sauke ka ƙasa inda ake so.

Ka isa bakin ruwa ana idar da asuba, tun da sauran duhu. A Disamba da Janairu rana sai wajen bakwai saura take fitowa a can, kana da kamar awa biyu zuwa uku na haske mai kyau, daga ƙarfe tara da rabi zuwa goma haske ya yi tsauri, iskar saman ruwa ta fara rawa saboda zafi, duk abin da ka ɗauka daga nesa zai fito dishi-dishi ko da fokas ɗinka daidai ne. Sai kuma bayan la'asar zuwa faɗuwar rana. Inda za ka zauna kuwa, ka sa rana a bayanka. Nan akwai wata sa'a da hunturu yake ba mu: tsuntsu in zai tashi ko zai sauka iska yake fuskanta, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa, kaga da safe in ka zauna ta gabashin ruwan rana tana bayanka iska ma kusan tana bayanka, tsuntsun zai tashi yana fuskantarka da haske a ƙirjinsa. In ka zauna ta yamma da safe sai dai ka yi ta ɗaukar jela da baƙar inuwa.

Hazo ba abokin gaba ba ne gaba ɗaya. Ranar da ya yi kauri yana tausasa haske, farar balbela ta fito da gashinta ɗaya-ɗaya, bayanta ya zama fari-fari mai laushi kamar zane. Amma yana cinye kaifin duk abin da ke nesa, don haka ranar hazo maganin shi ne kusanci, ƙarin zum ba ya gyara komai. Kuma kar ka kuskura ka cire lensi a fili cikin ƙurar nan, ka ɗaura wanda za ka yi aiki da shi tun daga ɗaki.

Yanzu saitin kyamara, a gajarce. Ka sa ta inda kai kake zaɓar saurin ƙyaftawa, ma'ana ɗan lokacin da kyamara take buɗewa haske ya shiga, wato S a Nikon da Sony, Tv a Canon. Tsuntsu a tsaye 1/500 na daƙiƙa ya isa, in yana farauta ko wanka 1/1000 zuwa 1/1600, in tashi ne 1/2000. Ƙofar lensi kuwa a wannan saitin kyamara ce take zaɓa, kai dai ka lura ta zauna tsakanin f/5.6 da f/8. ISO, wato ƙarfin da kyamara take karɓar haske da shi, ka bar shi ya hau, da sassafe ko ya kai 1600 kar ka damu, hoto mai ɗan yashi-yashi ana iya gyara shi, wanda ya girgiza kuwa sai shara. Fokas ka sa mai bin motsi, AF-C ko AI Servo, ɗigo ɗaya, ka ɗora shi a kan ido. Ka kunna ɗauka a jere. In kyamararka tana RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da ya fi karɓar gyara a editin, ka ɗauka da shi. Sai babban tarkon da kowa yake faɗawa: farin tsuntsu a gaban ruwa mai duhu ko ciyawa. Kyamara tana ganin duhun da ya fi yawa sai ta ƙara haske, balbela ta ƙone ta zama farin tabo babu gashi babu komai, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa a editin. Ka danna maɓallin +/- ka sauke zuwa -0.7 ko -1, ka ɗauki ɗaya ka duba, in kyamarar tana da alamar nan mai walƙiya a inda ya ƙone ka kunna ta. Baƙin tsuntsu a kan ruwa mai ƙyalli kuma akasin haka ne, sai ka ƙara.

Masu waya, kar ku ja zum da yatsa har ƙarshe, abin da yake fitowa ba hoto ba ne. Ku tsaya a 2x ko 3x in wayar tana da lensinsa na gaske, ku ɗauki wurin gaba ɗaya: garken kirinjijiya ya tashi a kan ruwa, ko zalɓe ɗaya a matsayin baƙar sura rana tana faɗuwa bayansa. Ka danna kan tsuntsun ka riƙe har fokas ya kulle, sannan ka ja hasken ƙasa kaɗan.

Toh ga inda aikin yake, matsowa. Ba a bin tsuntsun ruwa, zama ake yi ya zo. Ka lura da inda suke kiwo, ka je kusa da wurin a sunkuye, ba kai tsaye ba, ka ɗan karkace kamar wucewa za ka yi, kana tafiya kana tsayawa, kar ka zuba masa ido. Da ka ga ya daina kiwo ya miƙe wuya ya tsaya cak, ka tsaya kai ma, ka kai iyakarsa ke nan. In ya koma kiwo ka ƙara taku biyu. Zakaran ƙeƙuwa shi ne mai tona asiri, da ya hango ka zai fara kuka ya tashi kowa, in ya fara ka zauna kawai ka yi shiru har ya gaji. Da ka samu wuri ka shimfiɗa buhu ka kwanta rub da ciki, lensi a kan buhun geron nan, tsayinsa daga ruwa bai fi taƙi ɗaya ko biyu ba. Sai jira. Minti ashirin, talatin, wani lokacin awa, sanyi yana ratsa ka ta ƙasa, amma za ka ga sun manta da kai, har su dawo kusa fiye da yadda za ka taɓa iya matsawa da ƙafarka.

Me ya sa nake nacewa a kan kwanciyar nan? Don in kana tsaye abin da ke bayan tsuntsun shi ne ruwa ko lakar da ke dab da ƙafarsa, duk suna cikin fokas tare da shi. In ka sauka daidai idonsa, abin da ke bayansa ya koma gaɓar can nesa, mita hamsin ko ɗari, sai ta narke ta zama launi kawai, ruwan gabanka ma ya narke, tsuntsun ya fito shi kaɗai tar, surarsa ta miƙe a ruwa. Lensi ɗaya, tsuntsu ɗaya, amma hoto biyu da ba su haɗa hanya ba. A kwalekwale ma haka, ka zauna a ƙasan jirgin ba a kan katako ba, ka roƙi mai tuƙi ya daina tuƙi tun daga nesa ya bar jirgin ya silala da kansa, kuma ka ƙara saurin ƙyaftawa saboda jirgi ba ya tsayawa cak.

Kana kwance ka karanci tsuntsun. Zalɓe zai iya tsayawa minti goma bai motsa ba, amma kafin ya kai sara za ka ga wuyan ya fara miƙewa gaba a hankali kan ya karkata, nan za ka ɗora yatsa, da ya motsa ka danna ka riƙe. Kafin ya tashi kuma yakan ɗan durƙusa, sau da yawa ma sai ya yi kashi tukuna. Akwai wani baƙin zalɓe ƙarami da yake buɗe fukafukansa ya rufe kansa kamar lema ya yi wa kifi inuwa, yana yi yana sakewa kowane 'yan taku, in ka same shi kar ka yi gaggawa zai maimaita. Mai tafiya kan bado kuwa ka jira sai ya ɗaga ƙafa yatsun nan sun bayyana, don su ne labarinsa, in babu su a hoton kamar ba shi ka ɗauka ba. Namijin ne yake renon 'ya'ya, har yakan kwashe su ƙarƙashin fiffike ka ga ƙananan ƙafafu suna reto, in ka ga haka alama ce ya tsorata, ka ja baya. Sheƙa da ƙwai kam ba a zuwa kusa da su sam, uwa ta tashi minti kaɗan rana ko hankaka sun gama da su. Kuma jifa ko tafi don garke ya tashi ka samu hoto, wannan zalunci ne, baƙin nan sun yi tafiyar dubban kilomita, ƙarfin da suke tarawa na komawa ne.

Ka dawo gida, ka goge kaya, ka kwafe hotuna. Kar ka zaɓa a ranar, idonka yana cike da wahalar da ka sha, hoton da ka kwanta awa guda a laka kafin ka samu za ka so shi ko bai yi kyau ba. Ka bari sai gobe, sannan ka buɗe a babban allo ka yi wa kowane hoto tambayoyi kamar na wani ne.

Ido tukuna. Ka zuƙo hoton har ƙarshe a kan idon, in bai fito garau ba ka wuce, ko da fiffiken ya yi kyau kamar me. In akwai ɗan ɗigon haske a cikin ƙwayar idon toh tsuntsun yana da rai, in babu sai ya zama kamar na roba. Kan kuma ya ɗan juyo wajenka ko ya kasance a gicciye, wanda ya kau da kai yana kallon can ba ya riƙe mai kallo.

Sai ruwa. Ruwa ba ya kwanciya a karkace, kowa ya san haka ko bai taɓa riƙe kyamara ba, shi ya sa in layin gaɓa ya karkata ko kaɗan ne mutum zai ji wani abu bai yi ba ko da bai iya faɗa ba. In babu gaɓa a hoton ka duba surar tsuntsun a ruwa, idon da ke sama da idon da ke cikin ruwa dole su kasance a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, da wannan za ka miƙar. Manhajojin gyaran hoto irin Snapseed ko Lightroom duk suna yi cikin daƙiƙa.

Daga nan ka bar tsuntsun, ka bi gefunan hoton huɗu da ido. Nan ne ake kama yawancin laifi. Karan kacala, doguwar ciyawar ruwan nan, da ya fito daidai ƙoƙon kan zalɓe kamar ƙaho, kuma kacala ta cika fadamar nan, kusan duk inda ka juya tana nan. Baƙar leda a gefe. Rabin wata balbela da ta shigo ta kusurwa babu kai. Layin gaɓa da ya ratsa wuyan tsuntsun kamar wuƙa. Wani farin ƙyalli a ruwa da ya fi tsuntsun haske, ido kuwa wurin da ya fi haske yake fara zuwa. Irin waɗannan a bakin ruwa ake gyara su, ka gusa taƙi ɗaya hagu ko dama, ko ka ɗaga lensi kaɗan, shi ya sa duban yau shi ne darasin fitar gobe.

Sai wurin zaman tsuntsun a cikin hoton. Ka bar masa fili ta inda yake kallo ko inda ya nufa, in bakinsa ya kusa taɓa gefen hoto sai ka ji kamar an kulle shi a keji. Layukan nan da suke raba allo gida tara suna taimako, ka ɗora ido ko jikin kusa da inda suka gitta, amma ni ban ɗauke su doka ba. In ruwa ya kwanta lumui kamar madubi surar ta fito cikakkiya, tsakiya ta fi, rabi sama rabi ƙasa. Abin da ba na yafewa shi ne yanke ƙafa. Waɗannan tsuntsaye dogayen ƙafafu ne adonsu, ko ƙafar tana cikin ruwa ba a ganinta ka bar fili a ƙasa daidai inda za ta kai. Sura a ruwa ma haka, ko ka saka ta duka har kai, ko ka yanke ta sosai a san da niyya ka yi, amma a datse kan surar kaɗai, wannan kuskure ne da yake bayyana.

Editin kaɗan. Ka miƙar, ka rage gefe, ka sauke farin da ya yi yawa, shi kenan. In sai ka yanke kashi uku cikin huɗu na hoton kafin tsuntsun ya yi girma toh ka yi nisa ne, ka haƙura da shi. Kar ka mayar da ruwan fadama shuɗi kamar teku, ruwanmu ruwan ƙasa ne da kore-kore, hazonmu ma a bar shi hazo. Lakar da ke ƙafar tsuntsu ko gashin da ya tuje ba abin gogewa ba ne, kowa ya ga shamuwa da kwushinta ya gan ta.

In abokinka ne ya turo maka nasa ya ce ka duba, ka ce ya turo asalin fayil ɗin don WhatsApp yana matse hoto ya cinye kaifinsa, kar ka yanke hukunci a kan abin da ba laifinsa ba. Sannan "ya yi kyau" kaɗai ba taimako ba ne. Ka fara da gaya masa inda idonka ya fara sauka da inda ya tafi daga nan, ka tambaye shi me ya so ya nuna, sai ka faɗi abu ɗaya ko biyu da za su fi canza hoton, ba goma ba. Kwanan baya wani ƙanena ya nuna mini balbela biyu da ya ɗauka a wani dam, haske ya yi daidai, fokas ya zauna, amma ta bayan ta ɓuya rabi a jikin ta gaban har kamar tsuntsu ɗaya mai kai biyu. Ya ce "Yaya, ko in goge ta bayan?" Na ce a'a, buɗe sauran da ka ɗauka a jere. Muka bi su ɗaya-ɗaya, a na shida ta bayan ta yi taku ɗaya, ɗan siririn ruwa ya shiga tsakaninsu, wuyan kowacce ya fito daban. Shi muka ɗauka, muka rage sama kaɗan saboda wata wayar lantarki da ta ratsa kusurwar dama.